Akushin Hodi

Tun da ciwon taɓin hankali ya kama Baba, ya daina karɓar abinci daga hannuna. Ni na bar makaranta a Birnin Kebbi na dawo Argungu dominsa, ni ke yi masa wanka, ni ke bin sa bakin gulbi in ya fita ba takalmi. Amma in na aje tuwo sai ya shinshina ya ture. Hodi kuwa, ɗan gwaggona, da ya shigo da akushin gidansu sai Baba ya cinye har ya suɗe hannu.

"Taubashi, hannun nan naka ɗaci gare shi," in ji Hodi, yana dariya. "Ko kare ba ya ci."

Ban taɓa yin dariyar ba.

Ranar da Sista Yetunde ta zo daga Birnin Kebbi a Landirobar asibiti, ta zauna kan tabarma kusa da Baba. Nas ce ta masu irin wannan ciwo, tana bin su gida gida da allura, ta kuma daɗe a nan har bakinta ya zama namu.

"Baba Yari, wace rana ta yau?"

"Laraba, ɗiyata."

Ta ba shi homarsa ta kamun kifi ta ce ya ɗinke inda ta yage, ta zuba wa yatsunsa ido ko suna rawa. Sannan ta nuna Hodi.

"Wanga fa?"

"Hodi na. Ɗan albarka."

Ta nuna ni. Baba ya sunkuyar da kai kan homa, ya ci gaba da ɗinki.

Ta kira ni zaure, ni kaɗai.

"Atiku, kai ka kwana da shi. In ba ya cin abinci, yau zan tahi da shi Sakkwato a kwantar da shi. In shina ci, sai ya zauna cikin danginai, ya hi mashi. Shina ci?"

Daga cikin gida ina jin muryar Hodi yana ba Baba labarin giwan ruwan da aka kama jiya. Na ce a raina, in aka tafi da shi, shi ke nan, akushin Hodi ya huta. A can ba Hodi, ba ni, kowa ya rasa. Kalma ɗaya ce kawai, kuma ba mai ƙaryata ni. Sai na tuna Baba bai taɓa kwana inda ba ya jin ƙanshin gulbi ba.

"Shina ci," na ce. "Amma ba nawa ba. Na Hodi."

"Barci fa?"

"In Hodi ya yi hira da shi, shina yi."

Ta dube ni. "To ya koma gidan Hodi har allura ta zauna mai. Ciwon ga haka shike, wanda ya hi kusa shi aka tuhuma."

"Ko sunana bai sani ba, Sista."

"Kai na ɗan fari?"

"Awo."

"Ya taɓa kiran sunanka da lahiyatai?"

Bai taɓa ba.

"Da ya kira shi yau, da na damu," ta ce. Ta tashi ta haɗa allura.

Bayan la'asar na ɗauki tabarmar Baba da homarsa da babbar gorar da yake hawa in zai shiga ruwa, muka nufi gidan gwaggo. Hodi na riƙe da hannunsa, ni ina baya da kaya kamar ɗan dako. A bakin ƙofa Baba ya tsaya, ya yi magana da Hodi ba tare da ya waiwayo ba.

"Ce ma wancan ya koma da gorar. Ya shafa mata mai, kar ta tsage."

"Ka ji, mai hannun ɗaci," in ji Hodi.

Na juya da gorar a ka. Kafin in kai kwana na ji gwaggo tana cewa a miƙo akushi.