Dankali Mai Zafi a Baki

Ni da ƙanena mun yi shekara ashirin da biyu muna aikin jirgin ruwa na dakon kaya. Ni ina ɗakin inji, shi yana kicin, shi ya sa har jikokinsa Kuku suke ce masa. Ban yi boko mai nisa ba, amma kunnena ya sha yaruka. Bajamushe idan yana magana, kowace kalma sai ya kai ta ƙarshenta ya datse, kamar mai saran katako. Mutumin Holan daga maƙogwaro yake kankaro tasa, ka ce ƙaya ce ta maƙale masa. Na Suwidin kuwa, ko zaginka yake yi sai ka ɗauka waƙa ce, murya ta hau ta sauka. Nasu na fi so, jirginsu na bi.

Kuku shi jirgin mutanen Danmak ya samu, ya daɗe a ciki har yarensu ya zauna masa a baki. Wannan yare ban taɓa jin daɗinsa ba. Su fara kalma, kafin su kai tsakiya sun haɗiye sauran, wani lokaci muryar ta tsaya cak a wuya kamar shaƙuwa. Sau nawa ya ce, "Yaya, zauna in koya maka ko gaisuwa ce." Na ce Allah ya sawwaƙe in ɓata bakina.

Da muka bar aiki muka dawo gida, duk ranar da iyali suka taru a falonsa sai yara su ce in yi musu yarukan jirgi. In yi na Jamus, in yi na Holan, in rera na Suwidin. Na Danmak nake ajiyewa ƙarshe. Sai in sa a kawo mini dafaffen dankali mai zafi, in cusa a baki, in yi ta gurnani ina zare ido. Ba kalma ko ɗaya a ciki, hayaniya ce kawai. Yara su yi ta birgima a kan kafet. Kuku ya yi murmushi ya ce, "Ba haka ba ne, Yaya." Ba mai jinsa. Shekara goma sha biyar muna wannan, har ya daina furta yaren a gaban kowa.

Bara jini ya hau masa, ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da ya farfaɗo a asibiti, yarenmu ya tafi gaba ɗaya, ko sunan ɗansa ba ya iya kira. Abin da ya rage a bakinsa yaren Danmak ne. Ni na gane shi tun daga bakin ƙofa.

Likita ya ce wa babban ɗansa, wanda muke kira Akawu, a bincika. In abin da yake faɗa yare ne na gaske, hankalinsa na nan, sai a bar shi a ɗakinsa a nemo mai koya masa magana. In kuwa surutu ne, gara a kai shi gidan da ake kula da waɗanda hankalinsu ya gushe. Aka sallamo shi, aka ba mu mako guda.

Matar Akawu ta fara gwadawa da waya mai fassara magana. Ta kara masa ita a baki, ya yi magana, bakin a karkace, wayar ba ta rubuta komai ba.

"Kun gani ko? Ko waya ta ƙi shi," in ji ta.

"Yare ne," na ce. "Na Danmak ne."

Akawu ya dube ni, dariya na cin sa. "Baba Babba, na dankali?"

"Ina yi maka maganar mahaifinka kana washe mini baki?"

"Yi haƙuri. To me ya ce?"

Ban sani ba.

Ranar Laraba da hantsi matar Akawu ta kawo ƙawarta, malama ce mai koyar da Jamusanci. Ta shigo da jaka da turare, ta ja kujera nesa da gado. Kuku na ganin baƙuwa ya yunƙura, ya gyara wuyan rigarsa da hannun hagu, ya yi magana doguwa yana kallon idonta. Gumi har ya keto masa.

Malama ta karkata kai. "Gaskiya ban kama komai ba. Jamusanci a fili yake, ko mara lafiya ne za ka ji inda kalma ta fara da inda ta ƙare. Na Holan ma da zan tsinci wani abu. Wannan kuwa ba gaɓa, duk a narke yake."

"Haka nasu yake, 'yata," na ce. "A narke yake tun asali. Kin taɓa jin na Danmak?"

"A'a, Baba, ban karance shi ba. Ba zan rantse ba."

"Ai mu mun ji shi," in ji matar Akawu. "Baba Babba ne gwaninsa. Wallahi sak irin wanda yake mana a falo. Kuku ya sha ji ne har ya zauna masa a kai."

Akawu ya ce, "Shi ne abin da nake tunani. Kwaikwayonka yake yi, Baba Babba."

Na buga sandata a ƙasa. Na ce nawa ƙarya ne, wasa ne, nasa ne na gaske. Na ce a nemo wanda ya san yaren, ko a ina yake. Akawu ya ce shi ma'aikaci ne, ba shi da lokacin yawon neman mutumin Danmak saboda gurnani. Ya ce, "Kai da bakinka ka ce mana ba yare ba ne, ciwon wuya ne. Tun ina firamare nake ji." Ƙaramar 'yarsu tana bakin ƙofa, ta kumbura kumatu ta yi irin nawa. Uwar ta ce mata kul, tana rufe bakinta da gyale.

Duk wannan a gaban Kuku aka yi. Idonsa na bin duk mai magana.

Ranar Asabar aka sa za a zo da mota a kai shi gidan da likita ya ambata. Da safe na shiga ɗakinsa. An riga an naɗe kayansa a jaka biyu, an sauke hoton jirginsa daga bango, matar Akawu har ta auna tagar da za ta sa wa sabon labule. Na zauna a bakin gado. Ya kamo hannuna da na hagunsa, ya faɗi wata magana gajera, kalma uku ko huɗu. Ya sake faɗa a hankali, yadda ake yi wa yaro. Ya sake. Yana jira.

Na laluba kaina kaf. Na san yadda ake cewa sannu da Jamusanci, na san zagi biyu na Holan, na san rabin wata waƙa ta Suwidin. Nasa ko ɗaya. Ga shi yana matse mini yatsu, ga ƙarar mota a waje. Tsufa bai hana ni wauta ba. Na buɗe baki na mayar masa da abin da nake da shi, wannan gurnanin na falo, a hankali, wai ko zai ji kamar an amsa masa.

Ya sake mini hannu. Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya fuskarsa bango.

Wata bakwai ke nan yana can. Ina zuwa duk Litinin, in zauna a kujerar roba kusa da gadonsa. Ma'aikaciyar wurin ta ce ba su da mai sauƙin sha'ani kamarsa, tun da aka kawo shi ba wanda ya taɓa jin muryarsa.