Katakon da Na Feɗe wa Mika'ilu

"Ba haka aka riƙo nai ba, Mode. Katako na, ba cinyar saniya ba," in ji Mika'ilu, yana kishingiɗe a jikin buhun dusar katako.

Na ce idan ya fi ni iyawa ya taso ya karɓa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, domin mu duka mun san ba zai iya tasowa ba. Ƙafafunsa sun kumbura, hannun da ya shekara arba'in yana fitar da ƙofofi da gadaje a Tudun Wada yanzu ko kofin shayi ba ya riƙewa bai zubar ba. Asibiti sun sallamo shi da magani da daɗin baki. Ya gane abin da suke nufi, bai kuwa tayar da hankalin kowa ba.

Ni mahauci ne, katanga ɗaya ta raba gidana da nasa, kuma tun muna samari muke zagin sana'ar juna. Abin da ya zaunar da ni a shagonsa ranar nan wani akwati ne na wasan gem da ya ɗora wa kansa haɗawa. Matarsa Ashatu ta shekara biyu da shanyewar ɓarin dama, magana ma sai da ƙyar, wuni take tana kallon bango. Wata rana 'yarsu Shamsiyya, wadda ta yi karatun kwamfuta, tana buga wani wasa a waya, wani ɗan abu rawaya yana cinye ɗigo-ɗigo ana bin sa a guje, sai aka ji Ashatu ta yi dariya. Waya kuwa ta yi mata ƙanƙanta a hannu ɗaya. Shi ke nan Mika'ilu ya samu aiki.

Shamsiyya ta haɗa tsohuwar talabijin da wata 'yar na'ura, ta sa aka aiko mata daga Legas da maɓallai da sanduna biyu na sarrafa wasan, kowacce da jan ƙwallo a kanta. A zanen da ta nuna masa a tsaye ake bugawa. Ya ce waɗanda suka zana ba su san tabarma ba, ya sa aka datse akwatin har ya dawo daidai ƙirjin mai zama a ƙasa. Da ya ga sandar a hagu take kuwa, ya yi ta hamdala, ya ce ashe akwai inda hagu ke da daraja.

Saura allon gaba, inda za a dasa sandunan, kuma nan ne aka samu cikas. Ya ƙi kowane katako sai wani guntun maɗaci, ragowar ƙyauren ɗakin da ya fara ajiye Ashatu a Ƙofar Rini. Kaurinsa ya kai yatsu biyu. Da aka huda aka zura sandar ta ƙasa, sai ƙwallon kawai ya leƙo, ba wurin kamawa. Dole a rarake cikin katakon daidai faɗin farantin ƙarfen da ke riƙe sandar, a bar abin da bai fi kaurin fatar saniya ba. In aka zarce ya ɓule, babu wani maɗacin.

Na ce a kira kafinta mana, gari cike yake da waɗanda ya koya wa aiki.

"Su da ido suka aiki," ya ce. "Wanga wuri ba ido ka ganin shi ba. Kai ko shekara nawa kana hiɗar jar akuya, an taɓa maido maka hwata don ka huda ta?"

Ba a taɓa ba, kuma na ji daɗin da ya faɗa, ko da yake sai da ya jira ya kusa mutuwa. Na ajiye gudumar da ya ba ni. Na kifa allon a cinyata, na shimfiɗa tafin hagu a ƙarƙashinsa yadda nake tallafe fata, na riƙa tura ƙarfen sassaƙa da dama a kwance, ina ɗebo siriri-siriri. Fata kan gaya wa tafin hannu idan wuƙa ta matso, ashe katako ma haka yake, sai dai shi muryarsa ƙasa-ƙasa ce. Gumi ya jiƙe mini riga. Ban taɓa jin tsoron dabba kamar yadda na ji tsoron ƙyauren nan ba.

Ana kiran la'asar na gama rami na biyu. Ya karɓa ya rufe ido, ya bi shi da ɗan yatsa, ya ƙwanƙwasa. "To, ba laihi," ya ce, wanda a bakin Mika'ilu lambar yabo ce. Shamsiyya ta zaunar da farantan, ta zura ƙusoshi huɗu-huɗu ta ɗaure da noti. Sandunan suka miƙe cas, kowacce da wurin kamu.

A nan gardama ta tashi tsakanin uba da 'ya. Shamsiyya ta lura ya yi wa maɓallan uwarta alama can nesa, kusa da sanda ta biyu. Ta ce akwai wasannin da sai an danna maɓalli, Inna kuma hannu ɗaya gare ta, a matso da su inda babban yatsanta zai kai, ta riƙa yi ita kaɗai ba sai ta jira kowa ba. Ni ma na goyi bayanta, don maganar hankali ce.

"A bar su inda na aje su," ya ce.

"Baba, wahala za ta sha."

"In ta iya ita ɗai, ita ɗai za ku bari nata. Kowa na da hidima tai, na sani, ba mugunta ba ta. Amma in wasan bai yiwuwa sai da hannun wani, dole wani shi zamna."

Shamsiyya ta sunkuyar da kai. Ta ɗauki injin huda katako ta huda inda ya zana.

Kwana tara ya samu a duniya bayan nan. Matata Ikilima, da ke shiga gidan kullum, ta ce a tsakar gida aka ajiye akwatin, ƙarƙashin rumfa. Ashatu na riƙe da sanda, shi yana jingine da kafaɗarta yana danna mata maɓalli, kullum a makare, ita kuma tana harararsa tana cewa "kai dai" da rabin bakinta. Ta katanga nake jin ƙarar wasan da tarinsa da dariyarsu. Ranar Laraba da hantsi ya ce a ba shi kunu, ya sha rabi, ya ce zai ɗan kwanta. Kafin azahar ya cika, kafin la'asar mun kai shi. Na yi kuka a maƙabarta, ban ɓoye ba, amma ban ji ya bar wani abu a rabi ba.

Akwatin ya zauna lulluɓe da zane har aka share makoki, jama'a suka watse, Shamsiyya ta koma wurin aikinta. Na fara tunanin dabarar tasa ta bi shi.

Wata safiya na dawo daga mayanka da 'yar hanta a leda, na tarar Ikilima ba ta gida, tukunya a kan murhu wuta ta mutu. Na zagaya gidan Mika'ilu, na tsaya a bakin zaure na yi sallama, ba wanda ya amsa. Ta gefen labule na hango su a kan tabarma, sun ba ni baya. Ashatu ta damƙe jan ƙwallon da hagunta, Ikilima ta matsa har kafaɗunsu sun haɗu, yatsanta a kan maɓalli tana jiran a ce ta danna. Na rataye ledar a ƙusar da ke jikin ƙofa, na koma na hura wutar da kaina.