Kwana Tara Liman Yana Taimama

Ni Idirisu, ladanin masallacin unguwarmu a Garun Dutse, a gabana aka yi wannan, ba labari aka ba ni ba.

Shekarar da Turawa suka zo awon hanya, wani daga cikinsu ya yi wata uku a bariki, limaminmu Malam Zailani yana koya masa ajami. Baturen nan ba shi da abin sha'awa sai leƙen ƙwari. Da zai tashi, ya bar wa Liman akwati, a ciki akwai madubin ƙara girman abu, na tagulla, tsayinsa kamu guda, sai walƙiya yake.

Kai, wanda ya ƙera abin nan ya iya aiki! Liman ya kife turmi a ƙofar zaure ya ɗora shi. Akwai ɗan madubi a ƙasa da ake juyawa har ya kamo hasken hantsi ya turo shi sama. Sai a sa abu a kan ɗan fallen gilashi, a runtse ido ɗaya, a riƙa murza wani kunne a hankali har duhu ya washe. Muka ga fiffiken ƙuda kamar saƙar taru. Aka tsige gashin gemuna, ba da izinina ba, ya fito kamar igiyar guga.

Rana ta uku Liman ya ɗiga ruwan butarsa. Ya leƙa, ya ja da baya yana salati. Na leƙa ni ma. Wallahi gari guda ne na ƙananan halittu a cikin ɗigon nan, wasu na iyo, wasu na juyi, wani mai ƙaho biyu yana zabura.

"Idirisu," in ji shi, "shekara arba'in da wannan nake alwala. Ina sallolina? Ina na waɗanda suka bi ni?"

Daga ranar ya ajiye buta ya koma taimama, ga rijiya cike a bayansa. Sha kam yana sha, yana yamutsa fuska, wai lalura ce. Mutane suka fara ƙus-ƙus, sahu ya ragu. A rana ta tara ya ce da ni in an idar da azahar zai ajiye limanci, ya fara ramuwar sallar shekara arba'in. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ban taɓa ganin mai tsoron Allah kamarsa ba, ga shi tsoron na neman kayar da shi.

Na ruga wurin yayarsa, Goggo Hindatu, wadda ke karantar da matan unguwa. Ita ta fara ɗora shi a kan karatun tsarki tun yana ƙarami. Ta ɗauki sandarta ta biyo ni.

"Ina abin yake?" in ji ta, ko gaisuwa ba ta tsaya an gama ba.

Liman ya ɗiga ruwa, ya kamo mata haske. Ta durƙusa da ƙyar, ta kau da hannunsa, ta murza kunnen da kanta sai ka ce da shi aka haife ta. Can sai muka ji ta yi dariya.

"Tabarakallah! Wannan har da 'yan ƙwayayenta take ɗauke. Wa yake ciyar da ku a nan, bayin Allah?"

"Yaya, najasa ce fa," in ji Liman.

Ba ta ko ɗago ba. "Launin ruwan ya sauya?"

"A'a."

"Ɗanɗanonsa fa? Ƙanshinsa?"

"Ba su sauya ba."

"To da me na ce maka ake gane ruwan tsarki, ranar da na murɗe maka kunne? Wanda ya ce ka wanke fuskarka da ruwa, shi ya zuba su a ciki, kuma yana ganinsu tun ba a haifi Baturenka ba. Kai ne baƙo a wurinsu, Malam."

Liman ya sunkuyar da kai. Rana ta take tsaka, ina ta duban inuwa saboda kiran salla.

Sai Goggo ta ce, "Af! Sun daina motsi. Ɗigon yana bushewa."

Kafin ta rufe baki Liman ya wawuri butar da ya ƙaurace wa, ya tsiyaya a tafinsa, ya ɗiga musu da ɗan yatsa. Ya leƙa.

"Sun tashi, Yaya! Mai ƙwan nan ta tashi!"

Ya ɗago yana murna kamar an yi masa haihuwa. Sannan ya dubi hannunsa, ruwa na gangarowa har gwiwar hannu. Ya daɗe yana kallo. Ya yi bismilla, ya wanke ɗayan, ya kurkure baki.

"Idirisu," in ji shi, ruwa na zuba daga gemunsa, "me kake jira? Je ka kira salla."