Ƙarfen da ke cinyar Fannami

Duk bakin kogin Komadugu an san Fannami manomin tattasai da magana ɗaya: ƙarfe ba ya cin sa. Shekarar da 'yan bindiga suka kore su daga gonakinsu suka yi gudun hijira Assaga, ya ce harsasai sun zubo masa kamar tsakuwa, ya kakkaɓe riga ya wuce. Shekara goma yana ba da labarin, kullum harsasan ƙaruwa suke.

To, jiki magayi. Bana zazzaɓi ya kwantar da shi, ya sake shi ya bar masa nauyi a ƙirji, ko buhu ɗaya ba ya ɗagawa sai haki. Matarsa Kaltumi ta kai shi asibiti a Diffa.

Likita ya saurari ƙirjin, ya ce, "Baba, ina zaton naman zuciyarka ne ya kumbura. Zan tura ka Yamai, a sa ka cikin na'urar IRM, ita ke nuna kumburin. Amma maganaɗisu ce mai ƙarfi, tana jan ƙarfe. Akwai wani ƙarfe cikin jikinka?"

Fannami ya ji cinyarsa ta hagu ta yi zafi. Nan ɓarɓashin harsashi yake kwance tun daga waccan rana. Da kansa ya ɗaure raunin a ɓoye, ya ce wa mutane ƙaya ce.

"Yaro, ba ka tambayi ko ni wane ne ba?"

"Na ji labarinka, Baba. Na'urar ce ba ta ji ba. In akwai ka ɓoye, tana iya motsa shi ya yanke maka jijiya. In ba ka shiga ba kuma, da lalube za mu yi maganin zuciyar."

Tsoho ya auna suna, ya auna rai. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ya ce, "Kaltumi, ba mu wuri."

Ko motsi ba ta yi ba. "Likita, rubuta: cinyar hagu, taƙi ɗaya sama da gwiwa."

"Ke! Wa ya gaya miki?"

"Haba Malam, ƙayar da ke sa ka ɗingishi duk sanyi? Har masu ɗinkin buhu a kasuwar tattasai sun sani. Mun dai bar kaza cikin gashinta, don ka iya ba da labari."

Likita ya rubuta a fara ɗaukar hoton cinyar, a ga ko zai iya shiga na'urar. Fannami ya karɓi takardar, ya daɗe yana kallonta, shi da bai iya boko ba.

"Guda ɗaya ne dai ya shiga," in ji shi. "Sauran duk na kakkaɓe."