Kabarin da Ba Ta Ambata Ba

…kuma ba ta faɗa ba. Abin da ya hana Alhaji Jaji sakat ke nan tun safe. Tana da ita a baki, magana ɗaya tak, da ta gama da shi a gaban unguwa kaf. Ba ta faɗa ba.

Yana zaune a kujerar roba ƙarƙashin rumfa, a filin firamaren Kumbiya-Kumbiya, babbar riga ta sha guga, hula ta zauna daidai. Yau ake zaɓen shugaban ƙungiyar ci gaban unguwa. Su biyu ne ’yan takara, kowa zai yi jawabin ƙarshe, sannan a yi layi, ƙato bayan ƙato. Ga abokiyar takararsa can a tsaye riƙe da makirufo: Madam Augustina mai shagon magani, ’yar ƙabilar Ibo, haihuwar Gombe. Tana maganar kwari. Kwari, kwari, kullum kwari — yadda ruwan bara ya cinye katangar gidajen gangare, inda za a sa kwalbati, wanda za a je a gani a ma’aikata. Muryarta ko rawa ba ta yi. Wace irin mata ce wannan?

Asabar ɗin da ta wuce ma nan ne. Wannan rumfar, wannan ranar mai ƙuna. Ranar muhawara. Ita ta fara, ai ita ta fara! Cewa ta yi da aka raba buhunan yashi, gangare aka kai wa a ƙarshe, kuma kowa ya san su wa suka fi yawa a gangare. Kowa ya san su wa… To me ake nufi? Wa ake nuna wa yatsa? Shi ne fa ya yi rabon. Shi, Jaji, da ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya ba a taɓa kama shi da allurar wani ba.

Ya gaji. Wallahi ya gaji, kuma ba shi kaɗai ba. Kullum ɗan gari ne mai laifi. In baƙi sun yi magana, neman haƙƙi ne. In kai ka yi, ƙabilanci ne. Kakansa ne ya ba mutanen nan wurin zama lokacin da nan duk gonar gero ce — an manta? Yanzu sai ka auna kowace kalma a garin ubanka, kamar kai ne baƙon. Sai ka yi ta ba da haƙuri a kan abin da ba ka yi ba. Har yaushe?

Shi ya sa ya miƙe ranar. “Madam, daina fakewa da ƙabila kina neman ƙuri’a. Duk sanda magana ta ƙare muku sai ku ce don ku baƙi ne.” Aka yi tafi. Da nan ya tsaya, da ya tsira. Amma tafi mugun abu ne ga dattijo, ya fi zuma shiga kai. Sai bakinsa ya ci gaba shi kaɗai: “Kuna cewa Gombe taku ce. Ku da ko gawarku ba ta kwana a nan! Mutum ya mutu, a sa shi a mota, sai kudu. Ƙasar da ba ka yarda ta rufe ka ba, ta yaya ta zama taka?”

Ihu. Fito. Abdulrasheed ɗan baffansa, wanda ya ɗauki nauyin kamfe, har tsalle ya yi da tumbinsa. Ita kuwa… ta dube shi. Ba harara ba, da harara ce da sauƙi. Ta buɗe baki — ya gani, da idonsa ya ga leɓenta ya motsa — sai ta rufe. Ta gyara ɗankwali. “Alhaji, mu koma maganar kwalbati.” Shi ke nan. Ya ɗauka ya kashe bakinta ne. Ya koma gida yana tafiya kamar wanda ya ci kokawa.

— ga ta yanzu tana nuna gabas da hannu, wajen da kwarin ya fi zurfi. Wasu samari a baya suna dariya, ɗaya ya ɗaga murya, “A mota, sai kudu!” Maganarsa ce. Tasa. Ta shiga wayoyi, ta zama waƙa a bakin yara. Ta ji, tabbas ta ji. Ta ci gaba da bayaninta.

Fatimatu ce ta yi masa illa. Matarsa, yau da safe, tana zuba masa kunu, ko kallonsa ba ta yi ba. Mako guda tana masa shiru irin nata, shirun da ya fi faɗa ciwo. “Alhaji, ka san inda Kanayo yake kwance?” Kanayo, mijin Augustina. Mai gyaran wuta, mai dariyar nan da ake ji daga bakin titi. Ya rasu shekarar da Jaji yake kwas a Kaduna, ya dawo ya tarar an gama zaman makoki, ya yi ta’aziyya a tsaitsaye a ƙofar shago. Ina kuwa zai kwanta? Can garinsu mana. “A nan yake,” in ji Fatimatu. “A maƙabartar Kiristoci. Ina cikin gidan ranar da danginsa suka zo da motar ɗaukar gawa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce wasiyya ya bari, a nan ya yi rayuwa, a nan za a rufe shi. Sun yi lallashi, sun yi zagi, sun tafi da motarsu ba kowa a ciki. Har yau ba sa gaisawa da ita. ’Ya’yanta ba su da ɗaki a gidan kakansu.” Ta ajiye ludayi. “Sha kununka, zai huce.”

Sha kununka…

Mace ɗaya a bakin ƙofa. Mazaje cike da tsakar gida, daga tafiyar kwana da yini, da al’adarsu ta kaka da kakanni a bayansu, ita kaɗai da wasiyyar mamaci. Shi zai iya? Shi da ko Abdulrasheed ba ya iya ce wa a’a? Kai, Augustina! Ashe ƙasar nan ta riga ta karɓi mafi tsadar abin da kike da shi, ni kuma na tsaya a kanta ina tambayarki shaida.

Kuma da ta faɗa! Da ta ce, Alhaji, zo in kai ka kabarin mijina — ina zai sa fuskarsa? Da matan unguwa sun fashe da kuka, da layinta yau ya kai bakin titi. Shi da ya ce tana kasuwanci da ƙabila. Ga haja a hannunta wadda ba mai iya tayawa, ta ƙi fitarwa. Ta gwammace ta faɗi zaɓe da ta ɗora Kanayo a kan tebur. Wannan ba siyasa ba ce, wannan mutunci ne, irin wanda yake ji ana ba da labarin mutanen da. Yana jin kunya, i, amma abin da ya fi kunyar yawa shi ne sha’awa. Ta burge shi. Ta burge shi har yana jin haushin yadda ta burge shi.

To buhunan yashin fa? Gangare aka kai wa a ƙarshe? …An kai a ƙarshe. Ba da nufi ba. Mota ce ta fara ta inda aka san mutane, inda ake gaisawa da suna. Ba da nufi ba, amma a ƙarshen aka kai. Ko wannan ne abin da take faɗa tun farko, shi kuma ya ji zagi?

Abdulrasheed ya sunkuyo, warin turarensa ya cika hanci. “Yaya, ka maimaita ta motar nan. Ita jama’a ke jira.” Jama’a. Ga su nan kuwa, fuskokin da ya sani tun suna yara, mutanen kirki, masu jin an ture su gefe a garinsu. Ba ƙarya suke ji ba. Shi ma jiya haka yake ji. In ya janye maganar, za su ce Alhaji ya sayar da su. Kujerar ta tafi, girman ya tafi, a masallaci ma sai an riƙa kallonsa ta gefen ido.

A’a, zai faɗa. Zai tashi ya ce jama’a na yi kuskure, mijin baiwar Allah nan a garin nan yake kwance, ta rabu da dangi saboda —

Saboda me? Wa ya ba shi? Abin da ta rufe da hannunta, ta sha zagi mako guda ba ta buɗe ba, shi ne zai kwance a gaban samarin nan masu fito, don ya wanke kansa? Ya tono Kanayo ya yi sabulu da shi? In ya yi shiru, ƙarya ta zauna, ya ci zaɓe a kanta. In ya yi magana, ya ɓarar da mutuncin da ta fi shi da shi. Ya ce na yi kuskure kawai, ba dalili? Su ce wane kuskure? Ya ce… ya ce me?

Ta gama. Tafi kaɗan, daga ɓangaren mata da mutanen gangare. Tana tahowa. Takalmin roba, jakar hannu ta tsufa, zufa a goshi. Ta miƙo masa makirufo da hannu biyu, har da ɗan rusunawa, yadda ake yi wa babba.

“Bismillah, Alhaji.”

Ya karɓa. Ƙarfen da ɗumi, ɗumin hannunta. Ya miƙe. Lasifika ta yi ƙugi, filin ya yi tsit, Abdulrasheed yana murmushi tun kafin a fara. Ita ta koma kujerarta ta zauna, ta haɗa hannu a cinya, tana kallonsa ba tsoro, ba roƙo.

“Assalamu alaikum,” in ji shi.

Suka amsa gaba ɗaya, da ƙarfi, suna jira.

Iyakar abin da yake da shi na faɗa ke nan.