Sarƙar Geertje a Kasuwar Kifi

Kekuna uku aka sace wa Geertje Hoekstra a birnin Groningen cikin shekara biyar. Shi ya sa da gwiwarta ta fara ciwo ta sayi keken lantarki, sai ta rantse wannan kam ba mai ɗaukarsa. Ta nemo sarƙa mai kauri da ƙaton kwaɗo, ta kuma sa mai gyara ya buga wa keken lamba a jiki. 'Yarta har tsokanarta take yi wai sarƙar ta fi keken nauyi.

Ranar Asabar da hantsi ta tafi kasuwar kifi. Wurin ajiye kekuna ya cika maƙil, da ƙyar ta samu ɗan gurbi ta cusa nata. Ta zura sarƙa ta bayan ƙarfen shinge, ta kulle, ta ja sau biyu, ta zare batir ta jefa a jaka. A cikin kasuwa ta sayi soyayyen kifi da cuku da damin albasa mai ganye, sannan ta ci karo da wata tsohuwar abokiyar aikinta, hira ta ja su fiye da awa ɗaya.

Tana dawowa ta hango wani dattijo mai jar hula durƙushe gaban kekenta, riƙe da ƙaton almakashin ƙarfe, yana nishi a kan sarƙarta. Da rana tsaka! Ba ta san lokacin da ta isa ba. Damin albasar ta zaro ta sauke masa a ƙeya.

"Ɓarawo! Da furfurarka?"

"Baiwar Allah, tsaya!" in ji shi, yana kare kai. "Duba dai ki gani!"

Ta duba. Ashe garin sauri sarƙar ta ratsa har ta cikin wani tsohon baƙin keke da ke gefe, ta haɗa su biyu ta kulle.

"Nawa ne," in ji dattijon, yana cire ganyen albasa daga wuyan riga. "Wiebe sunana. Tun ƙarfe goma nake nan. Na sha kofi biyu, na karanta duk takardun da aka manna a sandar fitilar can. Da na gaji na aro wannan a shagon gyara."

Kunya ta kama Geertje har kunnuwanta suka yi zafi. Ta ba shi haƙuri sau uku. Amma da ta sunkuya za ta buɗe kwaɗon, sai ta ga sarƙar lafiya lau, ɗan ƙarzane kawai.

"Minti nawa ka yi kana fama da ita?"

"Ashirin."

"Madalla," ta ce, fuskarta ta washe.

Wiebe ya yi dariya har sai da ya zauna a ƙasa. Geertje kuwa ta riga ta koma kallon nasa makullin, wata siririyar waya duk tsatsa.

"Da wannan kake kulle keke? Ai igiyar shanya ce. Ka gode min, yau ne kawai kekenka ya taɓa samun tsaro. Tashi mu je."

Suka tura kekunan zuwa shagon gyara suna cin kifinta a hanya. Ya mayar da almakashin, ita kuma ta zaɓar masa sarƙa, ta nuna masa yadda ake haɗa jikin keke da ƙarfen shinge, ba taya kaɗai ba.

Suna cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce, tana tambayar ina ya maƙale. Ya fara inda-inda, sai Geertje ta karɓi wayar ta bayyana komai, har da dukan albasar.

Matar ta fashe da dariya.

"Don Allah riƙe min shi zuwa ƙarfe biyu," ta ce. "Yanzu na goge ɗakin girki, bai bushe ba."