Bututun Da Bai Kai Gangare Ba

Barci ya ɗauke ni a zaure bayan sallar azahar, ina jingine da bango, ko hula ban cire ba. Ni ne mai unguwar Tudun Kanya, kuma tun da aka fara aikin jawo mana ruwan famfo da sake shimfiɗa tituna ban huta ba. An tone layukanmu, aka bar ramuka a buɗe. A cikin ɗayansu Malam Jatau makaho ya faɗa, kwanansa ya ƙare. A ranar da nake ba da labari kuma, ɗan kwangilar, Alhaji Barau, ya zo da safe ya ce bututu zai tsaya a layin masu hali, ba zai kai Gangare ba, inda talakawa suke. Abin da yake so a wurina in yi shiru. Na ce ya dawo bayan la'asar. Na gaji, kuma shirun nake niyyar yi.

Sai na gan ni a ƙofar wani birni, babu rana babu wata, ga zafi kamar na bakin maƙera. Wani ya kama hannuna. Da na duba, Malam Jatau ne, ba sanda, idanunsa garau.

Ya ce, "Mai unguwa, taho. Yau ni ne jagora."

Muka shiga. Titin farko ba kwalta ba ne, mutane ne kwance rub da ciki, jere da juna, manyan motocin yashi suna bi ta kansu. Duk inda taya ta taka sai bayan mutum ya burme, ruwan laka ya taru a ramin, sannan bayan ya koma daidai, wata motar ta taho.

Na ce, "Malam, su wane ne waɗannan?"

"Waɗanda aka ba aikin hanya ne, suka yayyafa kwalta a kan ƙasa suka ce an gama. Ruwan farkon damina ya kwashe ta. An ce su zama abin da suka ƙi shimfiɗawa."

Muka wuce wani fili inda mutane masu manyan riguna suka yi dogon layi a bakin famfo, kowa da jarka a ka, harsuna sun bushe. Duk wanda ya kai gaba ya murɗa, sai famfon ya yi tari, ya fesa masa ƙura, ya koma baya. Malam Jatau ya ce su ne suka karkatar da ruwan jama'a zuwa gidajensu da gonakinsu, suka bar mata da tulu a bakin kududdufi.

A gaba na ga wasu suna ɗauke da turakun lantarki a kafaɗa cikin duhu, suna karo da juna, saboda sun sayar da wayar da aka kawo wa unguwa. Na ga wasu kuma, talakawa irin maƙwabtana, tsaye cikin ruwan kwata har ƙirji. Na yi mamaki, na ce, "Su ma? Me suka mallaka da za su zalunci wani?"

Ya ce, "Wannan ya gina shago a kan magudanar ruwa. Waccan kullum a ciki take zuba shara. Da damina ta zo, ɗakin maƙwabcinsu ne ya rushe. A nan ba a duba girman rigar mutum."

Na gaji. Na roƙe shi mu zauna, ya ce akwai wurin zama a gaba.

Ya kai ni wani zaure mai faɗi da sanyi, irin wanda raina yake so. Dattawa ne zaune a kan buzaye, da rawuna, ba mai dukansu, ba mai ƙona su. Har na fara jin daɗi. Sai na lura kowannensu hawaye yake yi, leɓunansa a manne kamar an ɗinke. Na kasa kunne, na ji abin da suke ji. Kukan mace ne mai naƙuda, an ɗauko ta a baro domin mota ta kasa shiga layi. Ga tarin yara da suka sha ruwan kududdufi. Ga ƙarar mutum yana faɗawa rami, sandarsa tana bin bayansa. Kukan ya ƙare, ya sake farawa.

Na ce, "Waɗannan me suka sata?"

"Ba su saci komai ba. Shugabanni ne da aka kai wa kuka suka ce sun gaji. Sun ga ɓarna suka yi shiru don a zauna lafiya. Yanzu suna so su yi magana, an rufe bakin."

A ƙarshen sahu akwai buzu guda, ba kowa a kai. Ban so in tambaya ba, amma bakina ya riga ni.

"Na wane ne?"

Ya dube ni da idanun nan da ban taɓa gani a buɗe ba. Ya ce, "Mai shi yana da sauran numfashi. Ka ce ka gaji, mai unguwa. Ga wuri, zauna."

Ya fara jan hannuna a hankali. Na turje, na nemi in yi salati, na ji leɓunana suna haɗewa.

Na farka ina jiƙe da gumi, ladan yana kiran la'asar. Matata Tasalla tana tsaye a kaina, tana cewa, "Malam, lafiya? Tun ɗazu kake nishi." Na taɓa bakina, na buɗe shi, na yi salati da ƙarfi har ta ja da baya.

Gajiyar tana nan, ba ta tafi ba. Amma na ce mata ta aika a kira mini mutanen Gangare, maza da mata, su cika zauren nan kafin Alhaji Barau ya iso. Ta ce, "Me za a ce musu?"

Na miƙe ina neman buta. Na ce, "A ce mai unguwa zai yi magana, yana so a ji da kunnen kowa."